Layin dogon da ya koma hanyar keke: Kada Ingila ta yi gaggawar tone Monsal

A tsakiyar Ingila, tsakanin biranen Manchester da Sheffield, akwai wani rami da aka huda a cikin dutse mai suna Headstone, tsawonsa ya kusa rabin kilomita. Daga 1863 zuwa 1968 jiragen ƙasa ne ke ratsa shi. Da aka daina jigilar, sai aka toshe bakinsa, ya zauna a kulle fiye da shekara 40.

A yau an sa masa fitilu, an gyara daɓensa. Yaro ɗan shekara shida kan shiga da kekensa ta wannan baki, ya fita ta wancan, sai ya tsinci kansa a kan wata doguwar gada mai bakuna biyar, kogin Wye na gudana can ƙasa, tsaunuka sun kewaye shi ta ko'ina. Babu mota a gabansa, babu a bayansa. Mahaifiyarsa ba ta bukatar ɗaga murya.

Wannan ita ce hanyar Monsal, mai tsawon mil 8 da rabi, wato kilomita 13 da ɗoriya, a gandun shaƙatawa na ƙasa da ake kira Peak District. Shekaru ke nan ana ja-in-ja a kanta, domin akwai masu fafutukar a sake shimfiɗa ƙarafan dogo, jirgi ya dawo. Hujjojinsu ba na wasa ba ne. Duk da haka, a halin da ake ciki, hukumar da ke kula da gandun ta yi daidai da ta ƙi goyon bayansu, kuma bai kamata ta sassauta ba sai sun kawo abin da ya fi alkawari.

Yadda hanyar ta samu

Kamfanin jiragen ƙasa na Midland ne ya gina layin, yana neman hanyarsa ta kansa daga Landan zuwa Manchester. Ƙasar wurin duwatsun farar ƙasa ce da kwaruruwa masu zurfi, don haka sai da aka huda tsaunuka, aka ɗora gadoji, aka sare gefen duwatsu. Jirgi ba ya son hawa mai tsanani. Injiniyoyin suka daidaita hanyar ta yadda hawan bai wuce kusan mita 1 a kowace mita 100 ba.

Ba kowa ne ya yi murna ba. John Ruskin, fitaccen marubuci kuma mai sharhi kan zane-zane na wancan zamani, ya yi tir da aikin da kakkausar murya, yana ganin an ɓata kwari mai kyau don kawai mutanen Buxton da na Bakewell su riƙa kai wa juna ziyara cikin sauri. Abin dariya shi ne gadar da ya tsana ɗin ce aka sa wa dokar kariya a 1970, kuma ita ce a yau ake bugawa a katunan tsaraba.

Shekarun 1960 sun zo wa layukan dogon Birtaniya da wuƙa. Rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe kusan mil 5,000 na layuka da tashoshi fiye da 2,300. Da aka sa wa ɗaya layin Landan zuwa Manchester lantarki a tsakiyar shekarun, sai aka ga na tsaunukan ya zama rara. Aka rufe shi a 1968.

Hukumar gandun ta karɓi filin, ta buɗe shi ga jama'a a 1981. Sai dai manyan ramuka huɗu, Headstone da Cressbrook da Litton da Chee Tor, sun ci gaba da zama a rufe. Masu tafiya a ƙafa kan kewaye su ta ƙananan turaku masu hawa da gangara, mai keke kuwa sai dai ya juya. A watan Mayun 2011 ne aka buɗe su, da tallafin fam miliyan 2.25 daga ma'aikatar sufuri. Kuɗi ne da ba zai gina ko kilomita ɗaya na babbar hanyar mota a ƙasar ba. Tun daga lokacin, ɗaruruwan dubban mutane ke bin hanyar kowace shekara.

Monsal ba ita kaɗai ba ce. Akwai hanyar Tissington mai mil 13, daga garin Ashbourne zuwa Parsley Hay, wadda aka buɗe a 1971 a kan layin da aka gina a 1899. A Parsley Hay ta haɗu da hanyar High Peak mai mil 17 da ɗoriya. Can yamma, a gundumar Staffordshire, akwai ta kwarin Manifold, wadda ta girme su duka: ƙaramin jirginta ya yi aiki daga 1904 zuwa 1934, aka mayar da layin hanyar jama'a a 1937. Faɗin ƙarafan wannan layi ƙafa 2 da inci 6 ne, daidai da na ƙaramin layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗauko kuza, wanda aka rufe a 1957.

Abin da shimfiɗaɗɗiyar hanya ke bayarwa

Wanda bai san yankin ba zai iya cewa: to, ai keke ana hawansa ko'ina, me ya sa sai nan? Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Titunan ƙauyukan Peak District ƙanana ne, masu lanƙwasa, katangun dutse sun matse su hagu da dama, kuma hawansu na cire numfashi. Hawan da ya tashi daga kwarin Monsal zuwa saman tsaunin har gasar tseren keke ake yi a kansa duk shekara tun 1930, saboda tsananinsa. A irin waɗannan tituna doka ta yarda mota ta yi gudun mil 60 a awa idan babu alamar da ta ce akasin haka. Alƙaluman gwamnatin Birtaniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin masu keken da ke mutuwa a haɗari, a titunan karkara suke mutuwa, ba a birni ba. A 2022 an gyara ƙa'idojin tuƙi, aka ce direba ya bar wa mai keke tazarar aƙalla mita 1.5 idan zai wuce shi. A titin da faɗinsa da ƙyar ya ɗauki mota biyu, wannan ƙa'ida a takarda take.

Saboda haka titunan na matasa ne masu ƙarfin cinya da ƙarfin hali. Tsohon layin dogon kuwa na kowa ne: tsohuwa mai shekara 75, magidanci da ke jan jariri a ƙaramin akwati bayan kekensa, mai keken guragu, wanda ya tashi daga jinya likita ya ce ya riƙa motsa jiki, da mahayin doki. A ƙasar tsaunuka, wuri mai laushin hawa irin wannan ba a samunsa da kuɗi kaɗan. Ma'aikatan ƙarni na 19 sun riga sun biya farashinsa da diga da shebur da albarushi. Babu gwamnatin da za ta huda tsaunuka huɗu a yau domin masu keke.

Wannan shi ne ainihin abin da ake jayayya a kai. Idan aka tone shi, ba za a sake samun irinsa ba.

Akwai kuma tarihin haƙƙin shiga karkara, wanda ya fi nauyi a wannan yanki fiye da ko'ina a Ingila. Ranar 24 ga Afrilun 1932, ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, filin da masu shi suka keɓe don farautar tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. Fafutukar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1949, kuma a 1951 Peak District ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya. Hukumar da aka kafa don talaka ya samu shiga tsauni, ba ƙaramin abu ba ne a ce ta miƙa hanyar da ta fi kowace sauƙin shiga.

Tarihin da ake gani daga kan sirdi

Mai keke a waɗannan hanyoyi yana tafiya ne a gudun da ido ke iya karanta ƙasa. Kuma ƙasar tana da abin karantawa, mai daɗi da marar daɗi.

Hanyar High Peak ta fi kowace ban mamaki. Layin da take bi an kammala shi a 1831, yana cikin na farko-farko a duniya, kuma an tsara shi ne da tunanin masu haƙa magudanan jiragen ruwa. Manufarsa haɗa magudanar Cromford da ta Whaley Bridge ta saman tsaunuka, tazarar mil 33. Inda ƙasa take a shimfiɗe, dawakai ne ke jan taragai a farkon lamari. Inda hawa ya yi tsanani, sai a kafa injin tururi a saman tudu ya riƙa jawo su. Ɗaya daga cikin injinan, wanda aka kafa a 1829, yana nan a ɗakinsa a Middleton Top. Masu keken da suka fara daga Cromford su sani cewa a nan maganar sauƙin hawa ba ta aiki: akwai wuraren da ake hawa mita 1 a kowace mita 8 ko 9, kuma da yawa sauka suke yi su tura. Bayan an haye, sai fili ya buɗe, iska ta yi ta kaɗawa, tumaki da katangun dutse iya ganin ido.

A gindin wannan hawa ne garin Cromford yake, inda Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗa auduga mai aiki da ƙarfin ruwa a 1771. Hukumar UNESCO ta sa masana'antun kwarin Derwent cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Kusa da Parsley Hay kuma akwai Arbor Low, da'irar manyan duwatsu da mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce suka jera, waɗanda yanzu suke kwance a ƙasa. A ƙauyen Tissington, kowace shekara ana ƙawata rijiyoyi da hotunan da aka haɗa da furanni a kan allunan yumɓu. Mutanen garin na danganta al'adar da godiya kan ruwan da bai ƙafe ba, wasu su ce a lokacin annobar ƙarni na 14, wasu su ce a farin 1615.

A kan hanyar Monsal, idan aka fito daga ramin Litton, ana hango wani tsohon ginin masana'anta a bakin kogi, wanda yanzu ya koma gidajen kwana. Wurin ya yi ƙaurin suna. A farkon ƙarni na 19 ana kwaso marayu daga gidajen gajiyayyu na Landan a kawo su aiki nan da sunan koyon sana'a. Ɗaya daga cikinsu, Robert Blincoe, an ɗauke shi daga unguwar St Pancras yana ɗan shekara 7, ya fara aiki a wata masana'anta kusa da Nottingham, daga baya aka kawo shi Litton. Labarinsa na duka da yunwa da aikin da ba ya ƙarewa ya fito a 1828, kuma ya zama makami a hannun masu neman a hana bautar da yara a masana'antu. Bayan shekaru, layin dogon da ya ratsa ta saman masana'antar, a tashar St Pancras ɗin yake ƙarewa.

Fasinjan jirgi zai wuce wurin cikin 'yan daƙiƙoƙi, tsakanin rami da rami. Mai keke yana iya jingine kekensa ya tsaya.

Hujjar masu son jirgi

Adalci ne a saurare su, domin ba maƙiyan muhalli ba ne. Hasali ma da sunan muhalli suke magana.

Sun ce tazarar da ta yanke tsakanin Matlock da Buxton ta bar gabashin tsakiyar Ingila, wato su Derby da Nottingham da Leicester, ba su da layi kai tsaye mai sauri zuwa Manchester. Sun ce garin Bakewell, hedikwatar gandun, ba shi da tashar jirgi, don haka babbar hanyar A6 ke cushewa da motoci a ranakun hutu. Sun kuma nuna manyan wuraren fasa dutsen farar ƙasa da ke kusa da Buxton, irin su Tunstead, waɗanda jiragen dakon kayansu ke cunkushe layin kwarin Hope da ke tsakanin Manchester da Sheffield. Suna da misali a hannu: a Scotland an sake buɗe layin Borders a 2015, kimanin mil 35 daga Edinburgh zuwa Tweedbank, bayan an rufe shi a 1969.

Kuma akwai wata gaskiya mai ɗaci da suke faɗa wa masoya hanyar. Mafi yawan masu zuwa hawan keke a hanyar da babu mota, a mota suke zuwa. Su ɗauro kekuna a bayan mota daga Sheffield ko Derby, su cika filin ajiye motoci na Hassop ko Miller's Dale, su yi awa uku suna shaƙar iska mai kyau, su koma su shiga cunkoso. Duk wanda ya ce hanyar Monsal na rage hayaƙin motoci a yankin, sai ya sake lissafi.

To me ya sa duk da haka bai kamata a ba su hanyar ba?

Na farko, lissafin kuɗin bai taɓa fita ba. A 2004 majalisar gundumar Derbyshire da abokan aikinta sun fitar da binciken da ya nuna cewa aikin zai yiwu ta fuskar injiniya, amma abin da zai dawo da shi bai kai abin da zai ci ba. Asusun fam miliyan 500 da gwamnati ta buɗe a 2020 don farfaɗo da tsofaffin layuka, wanda masu irin wannan fafutuka suka sa wa ido, sabuwar gwamnati ta soke shi a watan Yulin 2024.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, shi ne batun madadi. Masu fafutukar na cewa za a yi wa masu keke wata hanyar da ta kai wannan ko ta fi ta. A ina? A wasu wurare jirgi da keke na tafiya kafaɗa da kafaɗa. A hanyar Bristol zuwa Bath, wadda aka gina tsakanin 1979 da 1986, akwai sashen da jirgin yawon buɗe ido ke bi gefe da gefe da masu keke, shinge ne kawai a tsakani. Amma can fili ya wadata. A kwarin Chee Dale, hanyar na fita daga rami ta hau gada, ta sauka daga gada ta shige wani ramin, dutse a tsaye ta wannan gefe, kogi ta wancan. Babu wanda zai tura yara cikin rami ɗaya da jirgin dakon duwatsu. Idan kuwa aka ce a kewaya ta saman tsauni, an koma gidan jiya, wato halin da ake ciki kafin 2011, lokacin da mai keken guragu ba shi da rabo. Hanyar da ta hau tsauni ba madadin hanyar da ta ratsa shi ba ce, ko da an kira ta da suna iri ɗaya.

Matsayin hukumar gandun shi ne a nuna bukatar da ta wajabta aikin, a kuma nuna madadi na gaske. Wannan ba taurin kai ba ne. Hausawa sun ce kada a saki reshe a kama ganye. Nauyin kawo hujja yana kan mai son a tone, kuma hujjar ta zo da taswira, da kuɗi a ajiye, da sabuwar hanya da aka gama ginawa kafin a rufe tsohuwa.

Aikin da ya rage wa masu kare ta

Sai dai cewa a'a kawai ba ta isa ba. Zargin da ake yi game da motoci gaskiya ne, kuma muddin ba a magance shi ba, masu son jirgi za su ci gaba da samun masu saurare.

Matsalar ita ce hanyar Monsal ba ta kai ko'ina ba. Ta yamma, ta tsaya a Blackwell Mill, kimanin mil 3 kafin Buxton, inda akwai tashar jirgin da ke zuwa Manchester. Wanda ya sauka a tashar da iyalinsa da kekunansu, abin da ke tsakaninsa da hanyar shi ne A6 da manyan motocinta, ko kuma hawa mai wuya. Ta gabas, ta ƙare jim kaɗan bayan Bakewell, domin gaba kaɗan akwai ramin Haddon, wanda aka yi saboda mai gidan sarautar Haddon Hall na lokacin bai yarda ya riƙa ganin jirgi daga gidansa ba. Ramin na nan a rufe. Bayansa ne Rowsley take, inda akwai hanyar keke zuwa Matlock da tashar jirginta mai zuwa Derby.

Majalisar gundumar Derbyshire na da shirin haɗa Monsal da High Peak da garuruwan Buxton da Matlock su zama zagaye ɗaya. Ana ta yinsa gutsure-gutsure shekara da shekaru, kuma wuraren da suka fi wuya su ne suka rage. A nan ya kamata kuɗi da ƙarfin siyasa su tafi. 'Yan milolin da suka rage a kowane gefe sun fi sabon shagon shayi ko faɗaɗa filin ajiye motoci amfani nesa ba kusa ba. Haka ma kamfanonin jiragen da ke zuwa Buxton da Matlock, ya kamata su samar da wurin ɗaukar kekuna da zai ishi iyali guda, ba mutum biyu ba.

Akwai kuma ƙananan ƙorafe-ƙorafe na yau da kullum, kuma suna ƙaruwa tun da kekuna masu batir suka yawaita: mai gudu da ke tsorata tsofaffi, kare da aka sake shi ba igiya, doki da ya firgita a cikin rami. A ranar Lahadi ta bazara, sashen Hassop zuwa gadar Headstone kan cika kamar kasuwa. Wani ɓangare na maganin shi ne a karkata baƙi zuwa Tissington da High Peak, waɗanda suka fi tsawo kuma suka fi sakewa. Ita ma hanyar Manifold tana da sashen da take haɗa titi da motoci, har da wani ƙaramin rami a Swainsley, kuma ya dace a riƙa gaya wa iyaye haka ƙarara kafin su kama hanya da yara.

Binciken 2004 ya bar shawara ɗaya da har yanzu ake aiki da ita: kada a yi gini a kan filin layin, ko da wata rana za a bukace shi. Masu keke ne ke cika wannan sharaɗi. Saboda su ake duba gadojin, ake gyara rufin ramukan, ake sare itatuwan da za su tsaga bango. Da an bar layin kamar yadda aka bar wasu da dama bayan shekarun 1960, da tuni an yanka shi gonaki da filayen gidaje, kuma da babu abin da masu son jirgi za su nema a mayar musu.